Dokokin 'yan kwamiti: kowa ya duba kafin a kai babban taro

Sakatare: Assalamu alaikum iyayenmu da 'yan'uwa teloli. Kamar yadda aka tsaya a zaman da ya wuce, an ba mu aikin tsara ƙa'idojin waɗanda za su shiga kwamitocinmu, na sulhu da na kuɗi da na walwala da na yara masu koyon sana'a, to ga abin da muka rubuto, kowa ya duba ya faɗi abin da ke ransa tun yanzu, ba sai an sa hannu a koma ana ƙunƙuni a bakin shago ba. Wanda ya shiga kwamiti shekara 2 zai yi, yana iya komawa sau ɗaya daga nan ya huta. Wanda ya yi fashin zama 3 a jere ba uzuri to ya sauke kansa, ba sai an rubuta masa takarda ba. Ba a karɓar kuɗin ƙungiya a hannu ko a asusun mutum, sai a asusun ƙungiya kuma da rasit. Abin da aka tattauna a kwamiti a nan zai tsaya. In ƙara ta shafi ɗan'uwanka ko yaron shagonka ko wanda ke tsakaninku da bashi, ka tashi ka fita har a gama. Ba a kai sunan ƙungiya gidan ɗan siyasa sai da yardar babban taro. Sai na ƙarshe, aikin sa kai ne, babu albashi babu alawus. Bismillah.

Mai surfani na Fagge: Wa alaikumus salam. Sakatare sannu da ƙoƙari, duk sun yi, na ƙarshen nan ne ban gane ba. Ni na yi kwamitin sulhu a wancan zangon kuma wallahi ba zaman benci ba ne kawai. Mace za ta kawo ƙara an ɓata mata leshin lefe, sai mun tashi mun je shagon mun sa a fito da kayan an shimfiɗa a tebur, mu sa tef mu auna mu ga inda almakashi ya ci, ko ragowar zai fitar da ɗankwali ko ba zai fitar ba, sannan mu shiga kasuwar Kwari mu tambayi kuɗin irinsa na yau ba kuɗin da ta saya bara ba, sannan a dawo a zaunar da su ana rarrashi. Yini ya tafi kenan, kekena a rufe, yarana suna zaune suna danna waya. Wa ya biya adaidaita? Aljihuna. Katin da aka yi ta kiran mijinta da shi fa? Nawa ne. Lokacin da litar fetur ba ta kai 200 ba ana iya shanyewa, amma tun da aka cire tallafi a watan Mayun 2023 kowa ya san yadda kuɗin mota ya koma. A ce babu albashi na yarda, amma a ce ko kuɗin mota babu, to sai dai masu hali su riƙa yi, irinmu masu keke biyu mu koma gefe.

Baba tsohon shugaba: Yaro kai ma ka san ba mu san wannan ba a zamaninmu. Mun yi wa ƙungiyar nan aiki a kan keken hawa, daga Fagge mu je Kurmi mu dawo ba wanda ya ba mu sisin kwabo, kuma ba mu tambaya ba. Ranar da kuka sa kuɗi a zaman kwamiti, ranar za ku ga mutanen da ba su taɓa zuwa taro ba suna neman a sa sunansu, kuma zaman da ya kamata a yi sau ɗaya sai an yi shi sau uku. Na gani a wasu ƙungiyoyin da idona.

Mai surfani na Fagge: Baba Allah ya ƙara girma, ban musa maka ba. Amma lokacinku mutum yana ɗinka riga biyu ya ciyar da gida. Yanzu janareta kaɗai ya ishe ka tunani.

Ma'aji: Ni dai tambayata ɗaya, daga ina za a ciro? Kuɗin wata da muke karɓa ko rabin mambobi ba sa biya a kan lokaci, abin da ya shigo kuma gaisuwar rasuwa da duba marar lafiya da gudummawar gobara sun cinye shi. Kwamiti huɗu, kowanne mutum biyar, in aka ce a ba kowa ko 2,000 a zama ɗaya ku yi lissafin da kanku. Ni ba na adawa da kowa, littafi ne a gabana.

Malam na layin masallaci: Assalamu alaikum. Ina ga ana haɗa abu biyu ne a wuri ɗaya. Akwai ladan zama, akwai kuma mayar wa mutum abin da ya kashe daga aljihunsa, ba ɗaya ba ne. Kuma ko a addinance ba aibi ba ne a kula da wanda ya bar sana'arsa don aikin jama'a. Sayyidina Abubakar ɗan kasuwa ne mai sayar da tufafi, da aka naɗa shi halifa ya ɗauko kayansa zai tafi kasuwa, Sayyidina Umar da Abu Ubaida suka tare shi, ya ce to da me zan ciyar da iyalina, aka yanka masa abin da zai ishe shi daga baitulmali. Masu aikin tara zakka ma an ba su kaso a cikin kason nan takwas. To Baba yana da gaskiya a kan tsoron kwaɗayi, Mai surfani ma yana da gaskiya a kan aljihunsa. Sai dai wanda ya karɓa ya sani an ɗaure shi, kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Sakatare: Malam ya kawo ni inda nake so. Ba don rowa muka rubuta babu alawus ba. Kun san mun yi rajista da CAC, hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi, a matsayin ƙungiya mai amintattu, kuma dokar kamfanoni ta CAMA da Buhari ya sa wa hannu a watan Agustan 2020 ita ke kanmu. Sashe na 838 ya ce kuɗi da dukiyar ƙungiya a kan manufofinta kaɗai ake kashe su, ba a raba wa mambobi kamar riba, kuma 'yan majalisar gudanarwa ba a ba su albashi, amma ya halatta a mayar musu da abin da suka kashe daga aljihunsu. To da yawan 'yan kwamitocinmu su ne dai 'yan majalisar, shi ya sa muka ji tsoron kalmar alawus. In kuwa mayar da kuɗin mota da na kati ne, wannan dokar da kanta ta buɗe ƙofa. Zan gyara rubutun, babu ladan zama, amma duk abin da aka kashe a aikin da kwamiti ya aiki mutum za a mayar.

Mai surfani na Fagge: To ai shi nake faɗa tun ɗazu. Amma kar a ce sai na kawo rasit fa, wane mai adaidaita ne yake yanka rasit?

Ma'aji: Hhhh babu. A yi fom ƙarami kawai, daga ina zuwa ina, nawa, a kan wace ƙara, shugaban kwamiti ya sa hannu, ni in tura ta banki a cikin satin. Kuma a sa iyaka, kar wani ya ce ya ɗauki shatar mota zuwa Kurna.

Hajiya mai ɗinkin mata: Sallama gare ku. Na bari ku gama maganar kuɗi ne tukuna don ni tawa daban ce. Sakatare ka rubuta wanda ya yi fashi 3 ya sauke kansa, to da wane lokaci ake zaman? Bayan isha'i a shagon Shugaba. Wace matar aure ce za ta ce wa maigida za ta fita taron teloli ƙarfe tara na dare? Ko ya bar ta, da me za ta dawo Rijiyar Zaki, ku da kanku kun tuna a 2022 aka kafa dokar hana adaidaita yawo a nan Kano daga ƙarfe 10 na dare. Kenan dokar fashin nan an rubuta ta ne don ta kore mu tun ba mu shiga ba. Kuma ku duba littafin ƙararraki ku faɗa min gaskiya, yawanci ba kayan mata ba ne? Atamfa, leshi, abaya, kayan amarya. Maza biyar za su zauna su yanke hukunci a kan ko rigar ta matse ta a ƙirji, ita mai kayan ma kunya ba za ta bar ta ta yi bayani ba, balle ta sa a gani. Na san wadda ta haƙura da kayanta gaba ɗaya don kawai ba za ta iya tsayawa gaban maza tana wannan bayanin ba. In dai ana so a yi adalci a sa mata biyu a sulhu, ba ɗaya ba, ɗaya ita kaɗai ba ta iya buɗe baki a cikin maza, kuma a mayar da zama da rana.

Autan teloli mai kwamfuta: Hajiya Allah ya biya ki, wannan magana haka take.

Baba tsohon shugaba: Ba a hana mata ba ai Hajiya, ba su fito ba ne.

Hajiya mai ɗinkin mata: Baba da girmanka, an taɓa kiranmu da rana muka ƙi?

Oga mai kwat na Sabon Gari: Ina gaisuwa. Ina goyon bayan Hajiya a kan rana, amma don Allah in za a mayar kar a ce Lahadi da safe, mu muna coci. An taɓa yi mana haka, aka sa zama Lahadi ƙarfe goma sannan aka rubuta ba mu zo ba. Juma'a kuma ku ne ba ku samuwa. Asabar da la'asar ko Lahadi bayan azahar, duk wanda aka zaɓa ni zan zo.

Mai surfani na Fagge: Asabar ranar karɓar kayan biki ce Oga, wa zai bar shago ranar?

Oga mai kwat na Sabon Gari: To Lahadi ƙarfe huɗu.

Autan teloli mai kwamfuta: Ni kuma bari in taɓo inda ba a so. Wannan layin da aka ce abin da aka tattauna a kwamiti a nan zai tsaya, ban yarda da shi a haka ba. Da irin wannan ne ake rufe mu. Lokacin korona a 2020 wani ɗan kwangila ya kawo aikin takunkumi ta hannun ƙungiya, mu muna zaune a gida ba aiki ga kulle, sai daga baya muka ji an raba, kuma da aka bi sunaye duk shagunan 'yan kwamiti ne da na ƙannensu. Da muka tambaya aka ce maganar kwamiti ce ba a fitar da ita. Haka aikin yunifom na wata makarantar kuɗi, shi ma a bakin masu guga muka ji. To in sirri yana nufin haka ni ban sa hannu ba.

Baba tsohon shugaba: Auta ka iya bakinka. Aikin nan kwana kaɗan aka ba mu, an hana fita, waɗanda ke kusa kuma suke da keken da zai iya su aka kira. Ba wanda ya ci haƙƙin wani.

Autan teloli mai kwamfuta: Baba ban ce ka ci ba wallahi, ban kira sunan kowa ba. Cewa na yi ba a sanar ba. Da an rubuto a nan an ce ga aiki ga yawansa ga kwanakin, wanda zai iya ya ɗaga hannu, ko ban samu ba raina ba zai ɓaci ba.

Malam na layin masallaci: A yi haƙuri a sassauta. Auta a gyara lafazi, Baba uba ne. Amma Baba abin da yaron nan ya faɗa akwai abin dubawa. Sirri iri biyu ne a nan. Na sulhu dole a rufe, don mutuncin mutane ne a ciki. Kun tuna ɗan'uwanmu da aka kawo ƙararsa a kan shaddar mutane da ya jinginar saboda rashin lafiyar matarsa, an zauna an sasanta ya fara biya, sai wani a cikin kwamitin ya ɗauki muryar zaman a waya ya tura wa abokinsa, kafin sati ta zaga gari, kwastomominsa suka zo suka kwashe kayansu, mutumin nan har yau bai dawo daidai ba. Wannan wanda ya yi shi korarsa ya kamata a yi daga kwamiti nan take ba jiran fashi 3 ba. Amma kuɗi da kwangila da tallafi, waɗannan ba su da sirri, na kowa ne.

Sakatare: Na karɓa. Zan raba shi biyu. Sulhu a rufe, kuma a ajiye wayoyi a tebur kafin a fara, rubutu ɗaya ne a littafin sulhu shi ma hukuncin kaɗai. Duk wani aiki ko tallafi ko horo da ya shigo da sunan ƙungiya kuma a sanar da kowa kafin a raba, sannan a liƙa sunayen waɗanda suka samu.

Autan teloli mai kwamfuta: A ƙara da cewa ɗan kwamitin da yake rabon ba ya cikin masu karɓa.

Mai surfani na Fagge: A'a Auta nan kuma ka wuce gona da iri. Ba alawus, ga asarar yini, sannan in aiki ya zo a ce ba ni ciki saboda na yarda na yi wa mutane hidima? To wa zai shiga? Hukunci kenan ake yi wa wanda ya sa kai. A dai ce ba shi zai zaɓi kansa ba, in yana so ya sa sunansa kamar kowa ya fita daga ɗakin, ko a yi ƙuri'a a gaban jama'a a naɗe takardu a hula yaro ya ɗauko.

Hajiya mai ɗinkin mata: Ƙuri'ar ta fi. Amma fa a duba wanda zai iya aikin, kar a ba mai keke ɗaya yunifom ɗari biyar ya kunyata mu.

Autan teloli mai kwamfuta: Na yarda da ƙuri'a.

Ma'aji: Tunda an zo kan kuɗi bari in faɗi nawa ciwon. Maganar kar a karɓa a asusun mutum ni na roƙa a sa. Lokacin canjin kuɗi farkon 2023 da takardar naira ta ɓace, kowa sai ya ce Ma'aji turo lambarka in tura maka kuɗin wata, wasu kuma suka tura wa ɗan kwamitin layinsu, to kuɗin ƙungiya ya cakuɗe da kuɗin ɗinkin mutane, alat ya shigo ba ka san na wata ne ko na kaftani ba, wani ma da sunan matarsa ya turo. Na sha wahalar warware wannan ba kaɗan ba kuma har yau akwai masu cewa sun biya ni ban gani ba. Ga asusun ƙungiya nan da sunanta, masu sa hannu uku, biyu ne suke fitar da kuɗi. Kuma wani abu da ba a rubuta ba Sakatare, miƙa kaya. Wanda ya sauka ya kawo littafi da hatimi da bandir ɗin rasit har wanda aka yi amfani da shi, da layin wayar da alat ke shiga. Yanzu haka da nake maganar nan alat ɗin asusunmu a wayar wanda ya riƙe kafin ni yake shiga, sai na kira shi in ce an turo? Mutumin kirki ne ba ya ɓoyewa, amma ba tsari ba ne. A sayi layi na ƙungiya a sa a ƙaramar waya, duk wanda ya hau a miƙa masa.

Sakatare: Wannan ya shiga, sati biyu bayan sauka a miƙa komai a gaban mutum uku. Kuma ku sani ba mu kaɗai muke kallon littafin nan ba, doka ta ce duk shekara mu kai wa CAC rahoto, kuma lokacin da aka yi dokar CAMA a 2020 sashe na 839 ya ba hukumar damar dakatar da amintattu ta sa masu riƙo in aka samu almundahana ko rashin iya gudanarwa, shi ne sashen da ƙungiyoyin addini suka yi ta hayaniya a kansa a 2020. Ba na ce za a zo kan teloli gobe ba, amma in rigima ta kai mu can littafi za a tambaya. Haka kuma wanda kotu ta kama da zamba ko rashin gaskiya a cikin shekara 5 da suka wuce ba ya zama amintacce, ina ga mu ɗauko wannan mu sa wa kwamitin kuɗi ma.

Malam na layin masallaci: Akwai wanda ban gani ba a takardar, na goro. An gama sulhu wanda ya ji daɗin hukunci ya bi ka shago da yadi biyar na shadda ko ya cusa maka wani abu a aljihu ya ce a sha ruwa. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya aiki wani mutum karɓo zakka, ya dawo ya ce wannan naku ne wannan kuma kyauta aka ba ni, sai ya hau mumbari ya ce me ya hana shi zama a gidan uwarsa da ubansa ya gani ko za a kawo masa kyautar. To a rubuta, ba a karɓa, in an matsa maka ka kawo wa Ma'aji ya yanka rasit ya shiga asusun walwala.

Mai surfani na Fagge: Malam to in surukina ne fa ya kawo min goron Sallah kamar yadda ya saba?

Malam na layin masallaci: In surukinka ne ai ba ka zauna a ƙararsa ba tun farko, an ce ka fita.

Oga mai kwat na Sabon Gari: Hahaha Malam ya kama ka.

Hajiya mai ɗinkin mata: Mu dawo kan fashi don ban gama ba. Daga tsakiyar Sha'aban zuwa daren Sallah akwai telan da yake da lokacin kansa? Mu da muke kwana a kan keke, ido ya yi ja, ana sahur a shago. Haka kwanakin kafin Babbar Sallah, su Oga kuma Disamba. In aka ƙirga fashi a wannan lokacin kwamitin gaba ɗaya zai rushe.

Sakatare: To a dakatar da zama a lokacin kenan?

Mai surfani na Fagge: Ina! Ai lokacin ne ƙara take yawa. Goman ƙarshe na azumi nan ne ake zuwa da kuka, an karɓi kaya tun Rajab ba a yanka ba, tela ya kashe waya, wani ya kulle shago ya gudu ƙauye, wani ya janye yaron maƙwabcinsa da ƙarin kuɗi ana tsakiyar aiki. In ba mu nan mai kaya ofishin 'yan sanda zai wuce, kuma kun san in aka kai can tela ya kwana a sel ranar jajibere sunan dukkanmu ne ya ɓaci, dama ga shi an riga an ce tela ba ya cika alkawari. Amfanin kwamitin ma kenan, a tare magana kafin ta fita.

Autan teloli mai kwamfuta: To ga shawara, a lokacin Sallah a ɗora wa iyayenmu da suka daina hawa keke. Su suna da lokaci, kuma in Baba ya kira tela ya ce fito da kayan mutane ba wanda zai kashe masa waya. Ni in na kira cewa za a yi wane ne kai.

Baba tsohon shugaba: Wato ɗazu ka gama da ni yanzu kuma kana nemana.

Autan teloli mai kwamfuta: Tuba nake Baba, ai ba a yi ba ku.

Baba tsohon shugaba: Zan yi, ni da sauran dattawa biyu in sun yarda. Amma ƙafata ba ta hawa adaidaita yanzu, sai dai a kawo masu ƙarar ƙofar gidana bayan la'asar, kuma a haɗa ni da yaro ɗaya mai rubutu. Sannan maganar shekara 2 sau biyu, ba na ja, amma ku sani ba son kujera ne ya sa wasunmu suka daɗe ba, duk ranar zaɓe in aka ce wa zai karɓa kowa sai ya sunkuyar da kai yana duba waya. Ku rubuta wa'adi, amma ku tanadi waɗanda za su hau.

Shugaba: Assalamu alaikum, ina ta bi ina karantawa, ina wajen masu bugu ne. Na gode wa kowa. Abu ɗaya zan ƙara a kan na siyasa don zaɓen 2027 ya matso kuma an fara kirana. Ba a hana kowa jam'iyyarsa ba, ka sa hularka ka je taronka. Abin da ba mu yarda ba shi ne ɗan kwamiti ya ɗauki takarda mai tambarin ƙungiya da jerin sunaye da lambobin mambobi ya kai wani gida ya ce ga teloli na kawo, a ba shi kekuna ya raba yadda ya ga dama. Rajistar mambobi amana ce, a hannun Sakatare take, ba a ba kowa kwafi. Wanda ya yi haka a wurina ya fi mai fashi 3 laifi nesa ba kusa ba. Maganar zama da rana na amince, shagona ma ya huta da shan shayinku.

Hajiya mai ɗinkin mata: Ranka ya daɗe ba ka ce komai a kan mata biyu ba.

Shugaba: Hajiya na amince, ki kawo sunaye.

Hajiya mai ɗinkin mata: Ni ɗaya, ta biyun zan yi magana da ita da maigidanta tukuna. Kuma a kwamitin yara masu koyo ma a sa mace, 'yan mata sun fi yawa a masu koyo yanzu, akwai abin da yarinya ba za ta faɗa wa namiji ba in ogan shago yana takura mata.

Sakatare: An rubuta. To tunda Baba ya ce a tanadi masu hawa, wa zai shiga na kuɗi? Mutum biyu muke nema waɗanda ba sa cikin masu sa hannu a banki, aikinsu duba littafin Ma'aji da takardar banki duk wata uku su karanta wa babban taro.

Oga mai kwat na Sabon Gari: Ni zan yi in dai Lahadi da yamma ne.

Mai surfani na Fagge: Na ba da sunan Auta, tunda ya iya bincike.

Autan teloli mai kwamfuta: Kai Yaya, ni fa aiki ya yi min yawa, injina biyu ne kuma ni kaɗai na iya saita zanen.

Baba tsohon shugaba: Kun gani ko. Abin da na faɗa kenan.

Autan teloli mai kwamfuta: To shikenan a sa ni, zan yi.

Ma'aji: Madalla. Sai dai akwai sharaɗin da muka manta, ɗan kwamiti ya zama ba a binsa kuɗin wata. Ba zan faɗi na kowa a nan ba, amma duk wanda ya ba da sunansa yau ya leƙo ni kafin Lahadi mu duba littafi tare.

Autan teloli mai kwamfuta: Ma'aji ni kake nufi, na gane. Gobe bayan azahar ina zuwa, ka fito da rasit ɗin tun na bara don akwai wata biyu da na tabbata na biya.

Mai surfani na Fagge: Sakatare in ka gyara ka sake turowa mu gani kafin a buga, kuma Lahadi ƙarfe huɗun nan ban ce na yarda ba tukuna, ranar nake zuwa gaida tsohuwa a Ungogo. A kai shi babban taro a ɗaga hannu.